Ƙyanƙyasar Ƙwai A Gida: Kwana 21 Tsakanin Riba Da Baragurbi

Hausawa sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Mai ƙyanƙyasa kuwa da gangan yake saɓa wa wannan magana, domin yakan hana bakinsa da na iyalinsa ƙwan da ke hannu, ya ƙi kai shi kasuwa, ya zauna jiran kwana 21 bisa fatan abin da ya rufe zai fito da fuka-fuki. In ta yi kyau, ƙwai ɗaya ya zama kazar da za ta saya wa yaro littafi, ko ta fid da uwargida kunyar baƙo. In kuwa ta ɓaci, ba ƙwan ba kazar, sai wari.

Cikin 'yan shekarun nan mutane da yawa a birane da ƙauyuka sun koma ga wannan sana'a, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mafi yawan manyan kamfanonin ƙyanƙyasa na ƙasar nan suna kudu maso yamma, musamman Ibadan da kewayenta. Saboda haka ɗan tsakon da za a kiwata a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri sai ya kwana bisa hanya cikin kwali, ya sha tafiyar ɗaruruwan kilomitoci, kuma ba duka ne ke isa da rai ba. Tun da aka janye tallafin man fetur cikin watan Mayu na 2023, kuɗin mota ya hau, ya ja farashin tsako ya tafi da shi. Ana cikin haka sai ƙananan injunan ƙyanƙyasa na ƙasar Sin suka cika kasuwa, kafintoci da masu walda kuma suka shiga ƙera nasu da katako ko da gangar jikin tsohon firji. Mace takan kwashi adashenta ta sayi ɗaya, ma'aikaci yakan ajiye ɗaya a lungun ɗaki. To, amma sayen inji daban, samun 'yan tsaki daban.

Kafin a zo ga inji, ya kamata a ba kazar Hausa haƙƙinta, gama ita ce injin farko, kuma har gobe ba a ƙera wanda ya fi ta sauƙin kuɗi ba. Takan yi ƙwai 10 zuwa 15 sa'an nan ta shiga kwanci. Takan fige gashin ƙirjinta don fatarta ta taɓa ƙwan, ta riƙa jujjuya su da baki da ƙafa dare da rana, ba ta tashi sai sau ɗaya ko biyu a yini don ta ci ta sha ta yi birgima cikin ƙasa. Ba ruwanta da ɗaukewar wuta, ba ta neman kananzir. Abin da take bukata daga mai ita kaɗan ne: gurbi mai tsabta a wuri mai inuwa inda sauran kaji ba za su riƙa hawa suna ƙara mata sabon ƙwai ba, da ruwa da tsaba kusa da ita, da kuma kariya daga ƙuma da ƙwarƙwata, waɗanda kan addabi kaza har ta gudu ta bar ƙwan ana saura kwana kaɗan. Aibinta ɗaya ne, watau jinkiri. In ta yi mako 3 tana kwanci, ta kuma yi kamar wata 2 tana yawo da 'ya'ya, da ƙyar take zagayowa fiye da sau 3 ko 4 a shekara. Shi ya sa waɗansu masu kiwo kan raba ta da 'yan tsakin da wuri su rene su da kansu, don ta koma yin ƙwai.

Inda manoman Arewa suka daɗe da nuna gwanintarsu shi ne wajen zabi. Zabuwa da damina take ƙwai, kuma a daji take ɓoye gurbinta, cikin ciyawa ko ƙarƙashin sarƙaƙiya. In aka bi sawunta aka gano wurin, akan riƙa kwasa ana bar mata 'yan kaɗan, domin in ta tarar an share gurbin ƙaf sai ta sake wuri. Da wannan dabara takan yi ta zuba ƙwai har damina ta ja baya. Amma fa ba uwa ba ce ta kirki. Ko ta ƙyanƙyashe, sai ta ja 'ya'yan cikin raɓa da jiƙaƙƙiyar ciyawa tun da asuba, sanyi ya kashe su ɗaya bayan ɗaya. Don haka ne ake ɗora wa kaza wahalar. Akan sa mata ƙwan zabi 12 zuwa 15, ta kwanta a kansu kwana 26 zuwa 28, ta rene su kamar nata. Wanda ke son haɗa ƙwan kaza da na zabi a gurbi ɗaya, sai ya fara sa na zabin, bayan mako guda ya ƙara na kazar, don su fito tare. In ya sa su rana ɗaya, kazar za ta tashi da 'yan tsakinta ran kwana 21, ta bar na zabin su huce.

Kowane tsuntsu da kwanakinsa. Talotalo kwana 28 ne, salwar da ake kiwo a keji kwana 17 ko 18, agwagwar gida kuwa, irin mai jan fuskar nan, sai ta cika kwana 35. Mai inji da ya zuba su gaba ɗaya ba tare da lissafi ba ya sayo wa kansa rikici.

Abin da ya sa inji ya zama tilas ga waɗansu shi ne kajin zamani sun bar kwanci. An yi shekaru ana zaɓen iri don yawan ƙwai ko saurin nama har ɗabi'ar ta kusa ɓacewa daga jikinsu. Shika Brown, wadda cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya ta fitar a shekarar 2000, da FUNAAB Alpha ta jami'ar aikin gona ta Abeokuta, da Noiler da ta bazu cikin gidaje, duk sun fi kazar Hausa ƙwai nesa ba kusa ba, amma ba safai suke kwanci ba. Mai su sai dai ya nemi kazar Hausa ta yi masa aikin, ko ya sayi inji.

Ƙyanƙyasa ba tare da kaza ba kuwa ba sabon abu ba ne, kuma a nahiyar Afirka aka yi fice da ita. Fiye da shekara 2,000 ke nan Misirawa suke gina ɗakuna na tubalin laka, su zuba dubban ƙwai a ƙasa, su hura wutar kashin dabbobi ko ta tattaka a bene na sama. Marubutan Girka na dā sun ba da labarin abin cikin mamaki. Mutanen garin Barma na ƙasar Masar sun yi suna a wannan sana'a, gado ce da uba kan bar wa ɗa, kuma gwaninsu ba shi da ma'aunin zafi, sai ya ɗora ƙwan bisa fatar idonsa ya san ko wuta ta yi yawa. Sai a shekarar 1749 ne wani masani Bafaranshe mai suna Réaumur ya wallafa littafi kan yadda za a kwaikwayi abin a Turai, har ya gwada da zafin takin doki.

Kuskuren farko da sabon shiga kan yi tun kafin ya kunna inji yake yinsa, watau wajen zaɓen ƙwai. Ƙwan kiret da ake sayarwa wurin mai shayi daga kajin keji yake fitowa, waɗanda ba su taɓa ganin zakara ba, ko shekara ya yi cikin inji ba abin da zai fito. Dole ƙwan ya zo daga garken da ke da zakara lafiyayye, kamar guda ga kaji 8 zuwa 10. Sa'an nan a duba lafiyar iyayen, gama akwai cututtuka, irin su farin zawon 'yan tsaki, da ke bi ta cikin ƙwai daga uwa zuwa ɗa. Tun da aka fara tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye a wata gona kusa da Jaji ta Jihar Kaduna cikin Fabrairu na 2006, masu hankali suka daina shigo da ƙwai ko kaza daga garken da ba su san asalinsa ba. Har wa yau, kajin da aka samu ta haɗa iri biyu ko fiye, 'ya'yansu ba sa fitowa daidai da su, waɗansu su yi girma waɗansu su tsumbure. Mai tallan ƙwan ba lalle ne ya faɗi wannan ba.

A zaɓi matsakaicin ƙwai mai santsin ɓawo, a bar ƙato mai gwaiduwa biyu, da ɗan mitsitsi, da mai tsaga ko da ba ta fi silin gashi ba. Kada a wanke shi. Ɓawon ƙwai yana da dubban ƙananan ƙofofi da ɗan da ke ciki ke shaƙar iska ta cikinsu, kaza kuma takan fito da shi da wani siririn shafe da ke tare ƙwayoyin cuta. Ruwa, balle mai sanyi, yakan wanke shafen ya ja ƙazanta ciki. In ɗan datti ne a kankare shi a bushe, in ya yi yawa a soya ƙwan a ci.

Ajiya ita ce babbar matsalar ƙasa mai zafi. Ƙwan da za a ƙyanƙyashe bai kamata ya wuce kwana 7 a ajiye ba, kuma ya fi son sanyi kamar digiri 15 zuwa 18 a ma'aunin Santigired, tsininsa yana kallon ƙasa. To, ina za a sami wannan a Gusau cikin watan Afrilu? In ɗaki ya yi zafi sai ɗan da ke ciki ya fara girma rabi da rabi, sa'an nan ya mutu tun ba a sa shi a inji ba, mai shi kuma ya ɗora wa injin laifi. Firji kuwa sanyinsa ya yi yawa. Mafita mai sauƙi ita ce ta gindin randa, inda ƙasa ke da sanyi, ko kuwa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, dabarar da marigayi Malam Muhammad Bah Abba na Jihar Jigawa ya yaɗa har ta kai shi ga samun lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Sharaɗin shi ne kada ruwa ya taɓa ƙwan.

A cikin inji mai fanka, zafin da ake so digiri 37 da rabi ne. Wanda ba shi da fanka yakan bukaci kamar 38 da rabi, a kuma auna daidai saman ƙwan, domin iska mai zafi sama take taruwa. Bambancin digiri ɗaya ba wasa ba ne. In zafin ya gaza, 'yan tsakin su makara, su fito da ƙaton ciki da cibiyar da ba ta rufe ba. In ya zarce, su fito da wuri, raunana, waɗansu da karkatattun yatsu. Zafi kuma ya fi sanyi kisa: 'yan sa'o'i sama da digiri 40 sun isa su gama da kome. Nan ne bazara ke yi wa mutanen Arewa mugun wasa, gama inji ya iya ɗumama ƙwai amma bai iya sanyaya shi ba, a Sakkwato da Maiduguri kuwa zafin rana kan haura digiri 40 a inuwa. Injin da aka ajiye a ɗaki mai rufin kwano ba silin, da tsakar rana tanderu ne. Lambar da inji ke nunawa a fuskarsa ma ba abin dogaro ba ce ɗari bisa ɗari. Mai hankali yakan kunna shi yini guda babu ƙwai, ya sa ma'aunin zafi irin na asibiti a ciki, ya gwada su biyun.

Danshi shi ne abin da takardar da ke zuwa cikin kwalin inji ba ta iya faɗa wa ɗan Nijeriya daidai, domin ƙasar nan ba yanayi ɗaya gare ta ba. Ƙa'ida ita ce kashi 50 zuwa 55 cikin 100 a kwana 18 na farko, a ɗaga zuwa 65 ko 70 a kwana 3 na ƙarshe. Manufar ita ce ƙwan ya rage nauyi kamar kashi 12 cikin 100 ta hanyar fitar ruwa, watau ƙwai mai giram 60 ya zubar da kimanin giram 7, don gurbin iskar da ke ɓangarensa mai faɗi ya buɗe sosai. Mai inji a Legas ko Fatakwal da damina, iskar garin kanta cike take da ruwa, in ya cika tiren ruwa kamar yadda takarda ta ce, gurbin iskar ba zai buɗe ba, ɗan tsako ya cika halitta amma ya shaƙe cikin ɓawo. Takwaransa na Katsina da hunturu kishiyar haka ke samunsa: iska ta bushe ƙamas, tantanin da ke cikin ƙwan ya yi tauri kamar fatar ganga, ya manne wa ɗan tsakon har ya kasa juyawa. Shi sai ya ƙara faranti na biyu, ko ya sa jiƙaƙƙen soso. Faɗin fuskar ruwan shi ke ƙara danshi, zurfinsa ba ya ƙara kome.

Juyi kuma aƙalla sau 3 a yini, sau 5 ya fi, don kada ɗan ya manne a gefe guda. In injin ba mai juyawa da kansa ba ne, a yi wa kowane ƙwai alama da fensir a gefe biyu, a kuma wanke hannu kafin a taɓa. Ran kwana 18 a daina.

Ran kwana 7 ake haska ƙwai. A shiga ɗaki mai duhu da tocila mai ƙarfi, a kafa bakinta a ɓangare mai faɗi. Mai rai za a ga jijiyoyin jini sun bazu kamar saƙar gizo-gizo, da ɗan baƙin ɗigo yana motsi a tsakiya, gama zuciyarsa tun kwana na 2 ta fara bugawa. Wanda ya fito fes kamar sabo, zakara bai taka ba, ko ya mutu tun farko. Wanda aka ga jan zobe ya kewaye cikinsa ya fara sa'an nan ya mutu. Duk a fid da su, domin ƙwan da ya yi dungu yakan fashe cikin inji ya watsa wa sauran cuta. Ƙwan zabi ɓawonsa da kauri, ya fi kyau a jira shi har kwana 10.

Sai maganar wutar lantarki, wadda ita ce ta karya masu inji da yawa. Cikin watan Oktoba na 2024 jihohin Arewa da dama sun yi fiye da mako guda cikin duhu bayan manyan layukan wuta sun lalace, har da na Shiroro zuwa Kaduna wanda aka yi wa ɓarna. Ƙwan da ke cikin injin da ya dogara ga wutar gari kaɗai ba shi da tsira a irin wannan hali. Ɗaukewar 'yan sa'o'i ba ta cika kisa ba, in dai ba a buɗe injin ba, aka lulluɓe shi da bargo, ko aka sa kwalaben ruwan ɗumi a ciki. Amma a makon ƙarshe a bar ƙofofin iska a buɗe, gama a lokacin 'yan tsakin suna fid da zafin jikinsu, kuma bukatarsu ga iska ta ƙaru. A dā injin kananzir ne abokin ƙauye, yanzu tsadar kananzir ta kore shi. Janareta kuwa in ya yi kwana 21 yana shan fetur, ya cinye ribar tun tana cikin ɓawo. Abin da ya rage shi ne batir da faifan hasken rana, kuma duk wanda zai sayi inji ya sa kuɗinsu cikin lissafi tun farko. In jarin bai kai ba, kajin Hausa 4 ko 5 masu kwanci sun fi masa injin da ba shi da wuta.

Kwana 3 na ƙarshe na haƙuri ne. Wajen kwana 19 ɗan tsako yakan janye sauran gwaiduwa cikin cikinsa, wadda za ta riƙe shi kwana 2 ko 3 ba ci ba sha, kuma ita ce sirrin da ke sa tsakon Ibadan ya iso Kano da rai. Ran kwana 20 ya huda gurbin iska ya fara numfashi, har a ji kukansa daga ciki. Sa'an nan ya fasa ɓawo da ɗan ƙaho da ke bisa bakinsa, ya huta, wani lokaci har yini guda, kafin ya kewaya ya ture murfin. Nan ne tausayi ke ɓarna. Yara da manya sukan taru suna buɗe inji suna leƙe, danshi ya gudu, wani kuma ya sa farce ya ɓare wa ɗan tsako ɓawo alhali jijiyoyinsa ba su gama janyewa ba, jini ya zuba ya mutu. A bar su su bushe a ciki, gashinsu ya tashi, kafin a kwashe.

Baragurbin da ya rage ma malami ne ga wanda zai iya jure wari. In aka fasa su a bayan gida aka tarar mafi yawa ba kome a ciki, laifin zakara ne ko na ajiya. In sun mutu suna ƙanana, a tuhumi zafi ko rashin juyi. In kuwa cikakku ne da gashinsu amma ba su fasa ba, a koma ga danshi da iska. Bayan haka a wanke injin tas da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a shanya shi kafin a sake zubi.

Ƙyanƙyasa ba ita ce ƙarshen asara ba, gama 'yan tsakin da ke mutuwa cikin makonnin farko a ƙauyuka sun fi waɗanda ke mutuwa cikin ƙwai. Waɗanda ba su da uwa suna bukatar ɗumi kamar digiri 32 zuwa 35 a makon farko, a riƙa ragewa da kimanin digiri 3 kowane mako. Su da kansu za su nuna: in sun cunkushe kusa da wuta sanyi suke ji, in sun watse gefe suna haki zafi ya yi yawa. Mai amfani da tukunyar gawayi ya bar wa hayaƙi mafita. Ruwan sha a sa shi cikin marfi marar zurfi da 'yan tsakuwoyi, musamman ga 'yan zabi, waɗanda kan nutse a ruwan da bai kai gaɓar yatsa ba. Ga kuma shirwa da ɓera da muzuru suna jira.

Tsakon kamfani yakan zo da allurarsa ta farko, na gida kuwa ba wanda ya yi masa. Cutar Newcastle, wadda ke share kajin unguwa ƙaf da hunturu, tana da rigakafi, kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana yin wani iri mai suna I-2 wanda ya fi sauran jure zafi, ana ɗiga shi a ido, ana maimaitawa bayan kowane wata 3 ko 4. Ofishin likitan dabbobi mafi kusa shi zai faɗi tsarin da ya dace da yankin, har da na cutar Gumboro.

Sa'an nan a tuna kusan rabin abin da aka ƙyanƙyashe zakaru ne. Zakaran Hausa yakan ɗauki wata 5 zuwa 6 kafin ya kai na kasuwa, saboda haka wanda ke nufin cinikin Kirsimeti sai ya zuba ƙwansa tun cikin Yuni, wanda ke nufin Ƙaramar Salla kuwa ya ƙirga wata 6 baya daga Shawwal, ya ƙara mako 3 na kwanci.